Ba Barbie Ce Ta Fara Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa 'yar tsanar kwalliya, wadda ake canza wa tufafi kamar babbar mace, ta samo asali ne daga Barbie. Ba haka ba ne.

Tun ƙarni na 18, masu ɗinki a Faransa suna sa wa 'yan tsana sabbin kayan yayi su aika da su fadojin Turai, domin matan sarakuna su ga abin da ake sawa a Paris kafin su ba da ɗinki. Talla ce, ba kayan wasan yara ba.

Ita Barbie ma tana da wadda ta riga ta. A 1955 aka fito da 'yar tsana mai suna Bild Lilli a Jamus, wadda aka ƙera daga wata zanen barkwanci ta jaridar Bild. Ba don yara aka yi ta ba. A shagunan taba da mashaya ake sayar da ita, maza suna saye su yi kyauta ta raha. A 1956 Ruth Handler, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Mattel, kamfanin kayan wasa mai ƙera Barbie, ta gan ta a wata tafiya Turai, ta saya ta koma da ita Amurka. Ranar 9 ga Maris 1959 Barbie ta bayyana a baje kolin kayan wasa na New York, sanye da rigar ninkaya mai ratsin baƙi da fari, dala 3 kuɗinta. Wanda ya ajiye Barbie da Lilli gefe da gefe zai ga kamar 'yan uwa ne, har jan baki da kallon gefe.

A 1964 Mattel ta sayi haƙƙin mallakar Lilli, aka daina ƙera ta.