Nasiha ga 'yan uwana iyaye mata masu koyar da yara a gida

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, tun da kuɗin makaranta ya yi tashin gwauron zabi, da yawanmu mun riƙe ƙananan yaranmu a gida, muna koya musu da kanmu kafin su isa shiga firamare. Ni ma ina cikinku, kuma ban ga aibun hakan ba. Abin da nake so mu ja wa juna kunne a kai shi ne gaggawa, domin ita ta kusa ɓata mini makon farko da 'yata mai shekara 4 da rabi.

Ranar Asabar na fito da shirina tsaf: ƙaramin allon bango, alli, kujera, har da jadawalin da na rubuta daga ƙarfe 8 zuwa 12. Ba a yi minti 15 ba yarinya ta koma ƙarƙashin kujera tana wasa da takalminta. Na daka mata tsawa. Lahadi ma haka, sai dai wannan karon da kuka, wai cikinta ke ciwo. Surukata tana zaune tana kallonmu, ta ce, "Ke 'yar nan, gobe za ki kai ta jami'a ne?" Ta jawo jikarta, ta ɗora mata faifan wake a cinya, suna tsinta suna tara shi biyar-biyar. Wadda ta kasa zaman minti 15 a gabana ta yi kusan awa guda a wurin kakarta, kuma lissafi take yi ba ta sani ba. Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye muku ba.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin matsin da muke wa yaran nan don idon mutane ne. Wance ta sa ɗanta a WhatsApp yana ƙirga 1 zuwa 100 da Turanci, ke ma sai naki ya yi. To ki ce wa yaron nan ya miƙo miki gyaɗa 7 ki ga ikon Allah. Hadda daban, ganewa daban. Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar ƙananan yara ta kafin firamare, Friedrich Froebel, a 1840 ya raɗa mata sunan da ke nufin lambun yara, kuma da wasa da waƙa da aikin hannu ya gina ta. A ƙasar Finlan yaro ba ya shiga firamare sai ya shekara 7, a Najeriya kuma 6. Salla ma, da ta fi komai girma, hadisin Abu Dawud ya ce a umarci yara da ita suna da shekara 7. Ina dalilin tsare 'yar shekara 4 awa huɗu a kujera?

Ranar Litinin na yaga jadawalin. Muka koma zama biyu gajeru, ɗaya bayan karin kumallo, ɗaya bayan la'asar, kowanne bai wuce kwata ba. Sauran karatun a cikin hidimar gida yake. Ta ƙirga cokula, ta ware albasa manya da ƙanana, ta rubuta harafi da yatsa a kan yashi a tsakar gida. Yashi ya fi takarda rangwame: in ta yi kuskure ta shafe da tafin hannu, babu jan biro, babu kuka.

A nan zan ɗan tsaya kan harshe, don a nan muke yin sakaci. Wasunmu na jin kamar ci baya ne a fara wa yaro karatu da Hausa. Alhali tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 cewa ya yi a wancan lokacin a fara wa yaro da harshen uwa ko na mutanen da yake zaune cikinsu. Dalilin a fili yake: yaron da ya san kalma a bakinsa, aiki ɗaya ya rage masa, ya gane kamarta a rubuce. Wanda aka fara wa da baƙon harshe kuwa kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda. Ranar Talata na rubuta mata kafa da ƙafa, na nuna mata 'yar lanƙwasar da ta raba su. Ta yi ta dariya tana nuna ƙafarta. Turanci yana nan zuwa, ba gudu zai yi ba.

Laraba kuma ni ce na yi laifi. Girki ya sha mini kai, na miƙa mata waya, wai ai bidiyon koyon haruffa ne. Awa biyu tana riƙe da ita, da na karɓa kuwa ta yi ta birgima. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana yana kallon waya ko talabijin, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma ya samu awa 3 yana motsa jiki, da barcin awa 10 zuwa 13. Ku duba ku gani, nawa daga cikinmu ke cika wannan?

Maganar bulala kuwa, na san za a ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi. Yaron da ya haɗa allo da duka a ransa, ranar da ya fi ƙarfin dukan, ranar zai ajiye allon.

Alhamis da Juma'a na ba ta hutu, kamar yadda makarantun allo suka saba. Na sake ta cikin yaran maƙwabta, don abin da gida ba zai koya mata ba ke nan: jiran layi, rabon abin wasa, faɗa da shiryawa. Ku kuma iyaye maza, ba sayen alli ne kaɗai naku ba. Daren Juma'a babanta ya zauna ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", ya kawo ta Gizo da Ƙoƙi, ita kuma ta maimaita masa ita daga farko har ƙurungus. Da aka kawo tuwo ta ƙirga malmala, ta ƙirga mutanen gida, ta ce saura ɗaya, na Hajiya bai zo ba.