"Ba komai" ɗin da ke cikin labari

Tun da na zo Ingila nake zama da wasu masu son karatu, mu karanta gajeren labari mu tattauna. Kwanaki muka ɗauki wani na marubucin Amurka Ernest Hemingway, na 1927. Saurayi da budurwa ne a tashar jirgin ƙasa a Sifen, suna jiran jirgin Madrid. Yana ta lallashinta ta yarda a yi mata wani ɗan aiki, wai mai sauƙi ne. Har labarin ya ƙare ba wanda ya ambaci zubar da ciki, amma duk mun gane. Daga ƙarshe ya tambaye ta ko ta ji dama, ta yi murmushi ta ce lafiyarta lau.

Nan gardama ta tashi. Wata dattijuwa ta ɗora yatsa kan layin, ta ce yarinyar ta sallama ke nan. Ni kuwa kunnena "ba komai" ya ji, irin wadda ake faɗa bayan an ɓata wa mutum rai, fuska a sake, zuciya na tafasa. Layi ɗaya, kunne biyu.

Hemingway da kansa ya kwatanta rubutu da dutsen ƙanƙara a teku, wanda kashi ɗaya cikin takwas kawai ke saman ruwa, wato abin da ba a faɗa ba ya fi yawa. Masanin falsafar harshe Paul Grice kuma, a 1975, ya nuna cewa mai saurare na ɗauka mai magana ba ya zance a banza, sai ya cike giɓin da abin da ya riga ya sani. To mai sharhin adabi ma haka yake yi, sai dai ba kasafai yake faɗin da me ya cike ba.

Wannan shi ne ke damuna. Masu sharhi na nan Ingila sun iya tsefe shirun da ke tsakanin kalmomi, amma da yawansu na ganin kunnensu ne kunnen kowa. Namu sharhin na littattafan Hausa kuma yakan tsaya kan maimaita labari da neman darasi, a tsallake "to" ɗin da jaruma ta faɗa, alhali wannan "to" na iya zama yarda, ko gajiya, ko kashedi. Muna jin bambancin kullum a baki, amma ba ma rubuta shi.

Na roƙi dattijuwar ta gaya mini me ya sa ta ji sallamawa. Ta daɗe shiru, sannan ta ce haka mahaifiyarta ke rufe magana.