Manoman inabi na tumɓuke gonakinsu, gwamnati kuma na biyan su

Kafin wani ya ce "Malam, me ya haɗa ka da giya?", bari in riga shi: ban sha, ban sayar, kuma hukuncinta a addinina ba ya bukatar dogon bayani. Amma wanda ke bibiyar harkar noma da kasuwa ba zai kau da kai daga abin da ke faruwa da masu giyar inabi ba, domin sana'ar da ta shekara dubbai tana ci yanzu tana ramewa a gaban idonmu, kuma yadda take ramewar ne ya ja hankalina.

Ƙungiyar OIV, wadda ke lissafin inabi da giyarsa a duniya, ta ce a 2024 an sha kusan lita biliyan 21.4. Rabon da abin ya yi ƙasa haka tun 1961. A 2007 kuwa ana wajen lita biliyan 25 ne. Abin da aka tatsa ma ya ragu sosai saboda fari da ƙanƙara da cutar ganye, amma duk da raguwar, randunan ajiya a cike suke. To ka ga ba damina ce matsalar ba. Mashayin ne ya ja baya.

Faransa ce ta fi ba ni mamaki. A shekarun 1960 Bafaranshe ɗaya kan sha sama da lita 100 a shekara, yau abin bai fi lita 40 ba. Kakansa na kora abincin rana da jan giya kamar yadda muke kora tuwo da ruwan randa, jikan kuwa sai ranar biki, ko ma ya ɗauki lemo. A Amurka, binciken kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup na 2025 ya nuna kashi 54 cikin ɗari ne kawai suka ce suna shan barasa, adadi mafi ƙanƙanta tun da suka fara wannan tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fito a farkon 2023 ta ce babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Tsohon zancen nan na "kofi ɗaya na gyara zuciya" ya sha ƙasa.

Me gwamnatin Faransa ta yi? A 2023 ta ware Yuro miliyan 200, har da tallafin Tarayyar Turai, ta sayi rarar giya aka mayar da ita sinadarin wanke hannu da na turare. Ka duba fa: an yi noma, an tsinka, an matse, an adana, sannan a biya kuɗi a lalata. A yankin Bodo, wanda sunansa kaɗai a jikin kwalba kan ninka farashi, an tsara tumɓuke kusan hekta 9,500, ana biyan manomi Yuro 6,000 kan kowace hekta. A 2024 aka sake ware Yuro miliyan 120 don faɗaɗa tumɓukewar zuwa sauran yankuna. Kurangar inabi ba gero ba ce da za ka ce bana ba riba, baɗi in koma wake. Sai ta yi kamar shekara uku kafin ta fara ba da abin kirki, kuma tana iya wuce shekara arba'in a gona. Wanda ya sa katafila ta tone ta, sau da yawa shukar mahaifinsa yake tonewa.

Shi ya sa ransu ke ɓaci. A watan Oktoban 2023 manoman kudancin Faransa suka tare manyan motoci daga Sifen a kusa da iyaka, suka buɗe famfon tankokin, giya ta malale kan kwalta kamar an yi ruwan sama, suka farfasa kwalabe. Kukansu shi ne giyar Sifen mai araha na karya musu farashi. Da na ga hotunan sai na tuna rigimar shinkafar waje da ta gida a nan wurinmu. Kuka iri ɗaya ne, kaya ne kawai suka bambanta.

Ostireliya kuma ta ɗanɗana illar rataya da mai saye ɗaya. Kafin 2020 Sin ce babbar kasuwarta, tana kwasar giyar sama da dalar Ostireliya biliyan ɗaya a shekara. Da gwamnatocin biyu suka yi tsamin dangantaka a 2020, Sin ta lafta harajin da ya kai kashi 218 cikin ɗari. Kasuwa ta mutu murus. An ɗage harajin a watan Maris na 2024, sai dai kafin nan su ma 'yan Sin sun rage sha ƙwarai, manoma da yawa kuma sun bar inabi ya ruɓe a jikin kuranga saboda kuɗin tsinka ya fi kuɗin sayarwa. Turai ma ta ga irin wannan barazana lokacin da Trump ya ce zai sa harajin kashi 200 a 2025, daga baya aka tsaya a 15.

Amma labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Aljeriya, maƙwabciyar Nijar. Da yawa ba su san cewa ƙasar Musulmi ce ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen fitar da giyar inabi ba. Bayan da wani ƙwaro ya cinye gonakin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, Turawan mulkin mallaka suka cika ƙasar Aljeriya da inabi, har ya kai kusan hekta 400,000 a shekarun 1930. Mutanen da ba sa sha su ne 'yan ƙwadagon gonar, a ƙasar da da can alkama ake nomawa. Da aka samu 'yanci a 1962, Faransa ta fara janye hannu don ta kare manomanta. Aka koma sayar wa Tarayyar Sobiyat a wulaƙance, har Shugaba Boumediene ya ba da umarnin tumɓuke gonaki a farkon shekarun 1970. Su ba wanda ya biya su Yuro 6,000. Duk wanda ya san yadda dalar gyada ta ɓace a Kano, ko yadda masaƙun Kaduna suka rufe suka bar manoman auduga a tsaye, ba sai an yi masa fassara ba.

Ra'ayina shi ne, masu cewa masana'antar ta mutu sun yi gaggawa. Ƙasanta ne ke ruɓewa, samanta na nan daram. A 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Romanée-Conti, wata giyar Faransa mai tsada, ta shekarar 1945 a kan dala 558,000 a birnin New York. Mai irin wannan kuɗin ba ruwansa da tsadar burodi. Wanda ke shan wahala shi ne manomin da ke kai inabi a tirela ana auna masa a kilo, ba shi da suna a jikin kwalba, ba shi da bakin faɗin farashi. Manyan kamfanoni kuwa tuni suka fara sauya sheƙa. Tun 2021 dokar Tarayyar Turai ta amince a ci gaba da kiran abin da aka cire wa barasa da sunan giyar inabi, kuma yanzu idonsu na kan waɗanda ba sa sha, wato mu.

In kana shakka, leƙa dinar biki a Kano ko Abuja. Kan kowane tebur za ka ga doguwar kwalba mai wuyan zinare, Eva ko Chamdor, ruwan inabi ne zalla ba barasa, ango ya girgiza ya buɗe, kumfa ta tashi, 'yan mata su yi guɗa. Daga waje ake shigo da ita da dala mai tsada. A Kudan ta jihar Kaduna kuwa akwai masu noman inabi, sai dai ɗanye suke sayarwa, kuma in mai saye bai zo da wuri ba a gabansu yake laushi. Na tambayi wani mai kanti a unguwarmu ko ya taɓa ganin ruwan inabin gida a irin wannan kwalbar. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ko kwalbar ma ai ba a nan ake yin ta ba."