Ɗan benci da ya ci kofi huɗu

Jama'a ni fa na gaji da wannan maganar wai sai wanda ya yi suna yana ɗan wasa ne zai iya koci. Ku zo mu leƙa besbol ɗin Amurka, na san da yawanmu ba ma kallo, amma ku ji labarin Bruce Bochy.

An haife shi a Faransa a 1955, babansa sojan Amurka ne da aka tura can. Aikinsa a fili shi ne mai cafe ƙwallo, wato wanda ke tsugunne a bayan mai sanda sanye da garkuwar fuska da ta ƙirji, ana jefo masa ƙwallo da mugun gudu. Ya buga wa Houston Astros daga 1978, ya ɗan taɓa New York Mets, ya ƙare a San Diego Padres a 1987, kuma gaskiya ba wani tauraro ba ne, ɗan benci ne, sai babban mai cafewa ya gaji a ce Bochy shiga.

To amma wannan tsugunnon makaranta ce. Duk 'yan ƙungiyar shi kaɗai ke fuskantar fili gaba ɗaya kamar gola, shi ke yi wa mai jifa alama da yatsu irin jifan da zai yi, dole ya haddace raunin kowane mai sanda, kuma tun kafin koci ya farga shi ya riga ya san hannun mai jifa ya fara mutuwa. Shekara da shekaru yana wannan lissafin ba wanda ke tafa masa.

Padres suka ba shi koci daga kakar 1995, ya kai su World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofin besbol ɗin Amurka, a 1998, Yankees suka yi musu 4 da nema. Ya koma San Francisco Giants a 2007, sai kofi a 2010, 2012, 2014. Na 2014 ɗin nan shi ya fi burge ni wallahi, wasa na bakwai na raba gardama da Kansas City Royals, ya ɗauko mai jifa Madison Bumgarner da ya huta kwana biyu kacal, ya sa shi a tsakiyar wasa ya kuma bar shi zagaye biyar har ƙarshe, aka tashi 3 da 2. Wani kocin da tuni ya tsorata ya canja shi, shi kuwa ya san hannun da sauran ƙarfi.

Ya yi ritaya a 2019, kowa ya ce shi ke nan. Sai ga shi a ƙarshen 2022 Texas Rangers sun lallaɓo shi, a 2023 yana ɗan shekara 68 ya ci musu kofin da ba su taɓa ci ba a tarihinsu, a kakarsa ta farko, a hannun Arizona Diamondbacks. Masu cewa sa'a ce, ku faɗa min sa'ar da ke bin mutum daga San Francisco har Texas.