Ranar da na faɗar da rana ƙarfe ɗaya

Kun dai san aikin digirina na biyu, na gano karkatar da faifan sola zai fi kama rana a Kano. Dokta mai duba aikina ya ce in ajiye kalkuleta in koyi NumPy, wato kayan yin lissafi a yaren kwamfuta na Python. Sati biyu ina fama. Na gane ƙirga daga 0 take farawa, na gane alamar tauraro ɗaiɗai take ninka lambobi, ninkin jeri da jeri sai da @. Kaina ya kumbura. Har ina gaya wa 'yan ajin ƙasa cewa Travis Oliphant ne ya haɗa shi a 2005, sai ka ce tare muka yi makarantar allo.

Lissafin ba wuya. Kano na kan digiri 12 arewa, rana kuma tana cin digiri 15 duk awa. Na zaɓi 21 ga Maris, na zuba lambobin cikin np.cos, umarnin NumPy mai lissafa cosine na kusurwa, zane ya fito yana hawa yana sauka kamar lallen amarya. Ya yi min kyau, ban ƙara dubawa ba.

Ranar gabatarwa na sha farar shadda. Ina cikin zuba bayani Dokta ya cire gilashi.

"Malam, koma baya. Ƙarfe ɗaya na rana, ina rana take?"

Na duba. Lambar da alamar ragi a gabanta.

"Ranka ya daɗe, tana... ƙasa."

"Ƙasa ina?"

"Ƙarƙashin ƙasa, ranka ya daɗe."

Ya juya ya kalli taga. Wallahi ƙarfe ɗaya saura ne, rana tana dukan kwanon ɗakin kamar da gayya. Kowa ya bi shi da kallo, har ni. Bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya sa na karanta sauran da bakina: ƙarfe biyu ta fito, ƙarfe huɗu ta faɗi, biyar ta sake fitowa, shida ta koma. Sai wani daga baya ya ce, "Allah ya kai mu azumi, da azahar za mu sha ruwa." Ɗakin ya fashe.

Ashe np.cos bai san digiri ba, radiyan yake ci, inda digiri 180 yake daidai da 3.14 da 'yan kai. Da na ba shi 15, sai ya zagaya da'ira sau biyu da ɗoriya. Kalkuletata mai DEG a goshi, alamar da digiri take aiki, ita ta shagwaɓa ni tun sakandare. Maganin duka np.radians ne, mai mayar da digiri radiyan, kalma ɗaya tal.

Amma duk wannan da sauƙi. Wani mutum mai jar hula ya tare ni a bakin ƙofa yana cewa da Excel na yi da ban ji kunya ba. Excel ɗin ma radiyan yake ci! Na gwada da daddare don kawai in tabbatar. Wannan fa shi ne ya ari cajata tun zangon farko, kullum "gobe in sha Allah". Ya iya ba da shawara, bai iya dawo da caja ba. Na tura masa hoton Excel ɗin, ya karanta, shiru har yau.

Zanen dai na gyara, rana tana faɗuwa sau ɗaya. Mai shayin bakin get ne yanzu ke ce min Mai Magariba, ban san wa ya kai masa labari ba. Ina da wanda nake zargi.