Zanen da ke kan fam 20 ya ƙawata gaskiya

Duk wanda ya riƙe takardar fam 20 ta Ingila da aka fitar a 2020 ya ga zanen nan a bayanta: wani farin jirgin yaƙi, ƙaramin jirgi baƙi mai aman hayaƙi yana jan sa a Kogin Thames, rana na faɗuwa jajawur. Turner, shahararren mai zane ɗan Ingila, shi ne ya zana shi, ya nuna wa jama'a a 1839. Sunan jirgin Temeraire, mai igwa 98, wanda ya yi bajinta a yaƙin Trafalgar na 1805, yaƙin teku da Birtaniya ta yi da Faransa da Sifen.

Ni dai a ganina, mutane na yi wa zanen nan kallon hoton kyamara, alhali ba haka abin ya faru ba. Lokacin da aka ja jirgin a 1838 daga garin Sheerness da ke gaɓar teku zuwa unguwar Rotherhithe a Landan don a farfasa shi, tuni an kwashe igwoginsa, an cire dogayen itatuwan da ake ɗaura wa yadin iska. Gangar jiki kawai ta rage. Jirage biyu masu aiki da tururi ne suka ja shi, ba ɗaya ba. Turner ya mayar masa da itatuwansa, ya yi masa ado kamar sarki za shi hawan sallah. Ban zarge shi ba, sana'arsa ke nan, kuma ya iya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutanen bakin kogin da ba a gani. John Beatson, mai sana'ar farfasa tsofaffin jirage, ya sayi jirgin kan fam 5,530 don a farfasa. A Rotherhithe, wannan ranar ba ranar makoki ba ce, ranar samu ce. Kafintoci sun wasa gatari, masu zare ƙusoshin jan ƙarfe sun shirya, 'yan dako na jiran katakon da za su ɗauka, 'yan fito na kai 'yan kallo kusa a kwale-kwale. Wani abin ma, teburi da kujerun da aka ƙera da katakon jirgin suna nan har yau a cocin St Mary na unguwar.

Kuma ƙaramin jirgin nan da masu sharhi ke kira mummuna, shi ya fi burge ni. Shi kaɗai ke aiki a cikin zanen. Akwai mai zuba masa gawayi a ciki, yana gumi, an biya shi ladan yini, Turner bai ba shi ko fuska ba.

In kun je Landan, zanen yana National Gallery, gidan baje kolin zane-zane, shiga kyauta ne.