Bitamin D da kansar melanoma: ba shamuwa ke kawo ruwa ba

Wanda ke bin labaran lafiya, batun bitamin D ya isa ya rikita shi. Yau a ce masu yawansa a jini sun fi kamuwa da melanoma, gobe a ce masu shan ƙwayarsa sun fi kuɓuta. Kuma kowane ɓangare da alƙalumansa na gaskiya a hannu.

Melanoma kansa ce da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ba ita ta fi yawa cikin kansar fata ba, amma ita ta fi kisa, don ba ta tsayawa inda ta fito. Huhu, hanta da ƙwaƙwalwa duk tana kaiwa. A 2020 an ƙiyasta mutum kusan 325,000 ne suka kamu da ita a duniya, ta kashe wajen 57,000. Ostireliya da Niyu Zilan ke kan gaba, ƙasashen da jikokin Turawa suka zauna ƙarƙashin ranar da fatarsu ba ta gada ba.

Shi kuwa bitamin D, fata ce ke ƙera mafi yawansa idan hasken rana nau'in UVB ya sauka a kanta, hanta ta sarrafa, ƙoda ta ƙarasa. To a nan gizo ke saƙar. Hasken da ke ƙera bitamin ɗin shi ne dai wanda ke lalata ƙwayoyin halittar fata har kansa ta samu ƙofa.

A 2013 masu bincike a Danmak suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 10,060 na birnin Copenhagen, wasu har tsawon shekara 28. Waɗanda bitamin D ɗinsu ya fi yawa su suka fi kamuwa da kansar fata, har da melanoma. Bitamin ɗin ne ya jawo? A'a. Baturen da jininsa ke cike da shi, galibi shi ne wanda ke tuɓe riga ya shanya kansa a bakin teku duk bazara. Jinin dai ya tona asirin yawan ranar da ya sha.

Shekara huɗu kafin nan, a 2009, ayarin Farfesa Julia Newton-Bishop ta Jami'ar Leeds a Ingila ya ga wani abin daban a jikin majinyata 872 da aka riga aka gano suna da cutar. Masu isasshen bitamin D, ƙarinsu bai yi kauri sosai ba, kuma sun fi daɗewa a raye. Kaurin ƙari babbar magana ce a melanoma, da shi likita ke hasashen inda ciwon zai kai. Wannan binciken ina ganin girmansa, amma a tsaya a duba su wa ke da ƙarancin bitamin D a ƙasa irin Ingila: mai ƙiba, mai zaman ɗaka, tsoho, da wanda wani ciwo ke ci a ciki, domin kumburin jiki kansa yana saukar da awon. Irin mutanen nan ko ba bitamin a zancen, su suka fi jinkirin zuwa asibiti, su kuma ciwo ya fi kayarwa. Haka ma binciken da aka yi a Kuopio ta ƙasar Finlan kan mutum 498, wanda jaridu suka yi ta yayatawa a farkon 2023, cewa masu shan ƙwayar a kai a kai ba su cika samun melanoma ba. Mutumin da ba ya fashin ƙwayar bitamin kullum safiya, da wuya ya zama mai sakaci da sauran lamuran jikinsa.

Kowane yaro a ƙauye ya san idan shamuwa ta sauka damina ta matso. Amma ba wanda ya taɓa kama shamuwa ya kai gonarsa don a yi masa ruwa. Ra'ayina ke nan game da awon bitamin D: alama ce, tana faɗin yadda mutum ke rayuwa da halin da jikinsa ke ciki, ba ita ke juya cutar ba.

Kuma an gwada. Akwai mutanen da tun haihuwa suka gaji ƙwayoyin halittar da ke sa bitamin D ɗinsu ya ɗan fi na wasu, ko sun shiga rana ko ba su shiga ba. Masana a cibiyar QIMR Berghofer da ke Brisbane sun bi ta wannan hanya, a 2020 suka bayyana cewa gadon bai ƙara haɗarin melanoma ba, bai kuma rage shi ba. A Amurka, gwajin VITAL ya raba mutum 25,871 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu na shan awo 2,000 na bitamin kullum (a ma'aunin bitamin da ake kira IU), wasu na shan ƙwayar da ba komai a cikinta. Bayan sama da shekara biyar, yawan kamuwa da kansa, dukkan nau'o'inta a haɗe, bai bambanta ba. Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne na Beljiyam: majinyata 436 da aka yi wa tiyatar melanoma, rabinsu ana ba su awo 100,000 duk wata. Awon jininsu ya hau kam, dawowar cutar ce ba ta ragu ba.

Ba cewa nake bitamin D banza ne ba. Ƙashi na buƙatarsa, wanda likita ya auna ya ga ƙaranci ya sha abinsa. Sai dai yawansa ma yana tara sinadarin kalsiyam a jini, ya taɓa ƙoda. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda 'yan kasuwa suka shige cikin ruɗanin. Masu shagunan fitilar gasa fata a Amurka, inda fararen fata ke kwanciya ƙarƙashin haskenta don fatarsu ta yi duhu, sun yi ta talla da sunan bitamin D, har hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta taka wa ƙungiyarsu birki a 2010, shekara guda bayan cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya fitilun cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa.

Kusan duk binciken nan a kan fararen fata aka yi shi, kuma tamu melanomar ba ta bin wannan hanya. A jikin baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta cika gani ba. Ita ta kashe mawaƙin Jamaika, Bob Marley. A 1977 aka ga baƙin tabo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, da farko aka ɗauka targaɗen ƙwallo ne. Ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Zabiya ne rana ke yi wa ɓarna ƙwarai a cikinmu, su ma galibi wata kansar fatar ce daban ke kama su, kuma hula mai faɗi da riga mai dogon hannu sun fi musu kowace ƙwaya.

A wajenmu, baƙin tabo a tafin ƙafa sai a ce kaushi ne, ko faso, ko ƙaya ce ta karye a ciki. A yi ta shafa man kaɗanya wata da watanni, tabon yana faɗi, bakinsa yana karkacewa, har ya fashe ya zama gyambo, kaluluwa ta fito a matsematsi. Awon bitamin D ba zai nuna wannan ba. Likita ne zai duba da ido, ya yanki ɗan naman ya aika ɗakin gwaji.